Abin da na ɓoye ma Mompe

Zuwa ga ɗiyata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya kai ki Maradi lafiya, ya tsare motar da za ki shiga, ya haɗa ki da mutanen kirki a lakwal, makarantar nan ta ungozoma. Wannan takarda zan sa ta a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa. Kada ki karanta ta a tasha. Ki bari sai kin sauka, kin sha ruwa, kin huta. Rubutuna kin san shi, na yaƙi da jahilci ne, sai ki yi haƙuri da shi. Daga tsohon kayenki na bara, littafin rubutunki, na yagi takardun.

Wata Talata ce da hantsi, ina tankaɗe garin jar dawa a tsakar gida, kina zaune kusa da ni kina wasa da ludayi, shekararki uku. Sai na ji sallamar kawunki Sani a ƙofar gida. Na ce ya shigo, bai shigo ba. Na fita na tarar da shi tsaye, ya ƙi kallon fuskata. Ya buɗe hannunsa kawai. A tafinsa akwai 'yar lambar Uwa Maryamu da baƙin zarenta, wadda babanki ya rataya ma wanki a wuya ranar baftisma. Na san Inna, uwata, ba za ta cire ma yaro mai rai wannan ba. Na koma ciki na ci gaba da tankaɗe, har garin ya ƙare ina ta girgiza rariya babu kome cikinta.

Kin san kina da wa, kin san ya rasu a shekarar yunwa. Iyakar abin da muka gaya maki ke nan. Yanzu za ki garin da ake samun firist kowace Asabar. Mu nan Tasawa sai Mompe, kamar yadda muke kiran firist, ya taso daga Maradi, sau uku ko huɗu a shekara. Ina so ki san yadda ake shiri kafin a je konfesiyo, a furta zunubi gaban firist. An koya maki a katekisim, na sani, kin ma fi ni haddace addu'o'in. Ni ban iya koyarwa ba. Abin da na iya shi ne in nuna maki inda na yi tuntuɓe.

Kin san ni daga wani ƙauye nake bayan Korgom. Inna, kakarki, mai salla ce. Ni na bi babanki majami'a, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa zagin addinina ba. Da na yaye ɗana na fari ta zo ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi mashi wasa gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa. Ni kuwa na riƙe wannan kunya fiye da kowa, don ina so dangin babanki su ga 'yar ƙauye ma ta san tarbiyya. "Yaron Inna" nake ce mashi.

Shekarar da ya cika shida ruwa ya ɗauke tun hatsi bai kai gwiwa ba. Soji ke mulki, su ke tsaye da bulala wajen rabon taimako. Mu na cikin gari muna samun jar dawa da madarar gari, a can da kuma a majami'a. Mutanen ƙauye kuwa anza, 'ya'yan itacen daji, suke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita su ci.

Wata rana muna zaune a inuwa, ni da surukata da maƙwabciyarmu Marta da wasu mata, sai ga wani mai amalanke daga ƙauyenmu. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna ta ce a gaya ma ta Tasawa, ƙyanda ta shigo gari, baƙon nan nata jikinsa da zafi."

Marta ta dafa mani gwiwa ta ce, "Tashi ki bi amalanken nan, Maryama. Ki bar mani Hannatu."

Na ga surukata tana kallona. Sai na yi dariya na ce, "Ni? Me ya haɗa ni da yaron mutane? Mai shi tana can."

Matan suka yi shewa, wata ta ce, "Kai, Maryama akwai kunya!" Na ji daɗin maganar, Hannatu. Na auna dawa tiya huɗu, na ƙulla madara a tsumma, na ba mutumin. Ban ce ya gaishe shi ba. Kwana goma sha ɗaya tsakani kawunki ya zo da lambar.

Da muka isa ƙauye an riga an rufe shi. Na shiga gida na tarar da mata cike wajen zaman makoki, na ga 'ya'yan Sani uku, sun rame amma suna tafiya da ƙafafunsu. Wani abu ya taso mani. Na tsaya a kan Inna gaban kowa na ce, "Kin ciyar da jikokinki masu salla da dawata, kin bar nawa ya mutu." Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ban jira sadakar uku ba, na dawo. Yau shekara goma sha huɗu ban sake taka gidan ba. Duk lokacin da kika tambaye ni don me ba mu zuwa wajen kaka, nakan ce maki hanya ba kyau. Ƙarya nake yi maki. Ki yafe mani.

To ga abu na farko. An ce mutum ya binciki zuciyarsa kafin ya je konfesiyo. Ni ma ina yi, amma irin sharar da ake yi in baƙo zai zo, a share tsakar ɗaki a bar ƙarƙashin gado. In an ce Mompe zai zo Lahadi, sai in zauna in tattara ƙanana: na ɗaga ma babanki murya, na yi barci ban yi addu'a ba, na yi gulmar wata a bakin rijiya. Da tunanina ya doshi Korgom sai in tashi in nemi aiki. Ke kada ki yi haka. Ki samu wuri ke kaɗai, ko na ɗan lokaci, ki roƙi Ruhu Mai Tsarki ya haska maki. Ki bi kwanakinki ɗaya ɗaya, abin da kika yi da abin da ya kamata ki yi kika ƙi. Inda kika ji zuciyarki tana kaucewa tana neman wata magana, nan za ki tsaya. Da shi za ki fara in kin durƙusa, don in kika bar shi ƙarshe ba za ki faɗa ba.

Abu na biyu har dariya yake ba ni wani lokaci, ko da yake ba abin dariya ba ne. A shekarun nan firist biyu ke zuwa mana. Akwai tsoho, wanda ya daɗe a ƙasar nan har ya san Hausar da ni ban sani ba. Akwai kuma sabon zuwa, yaro, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da "madalla" ba. In tsohon ne ya zo, sai ki ga mata ƙalilan a bakin ɗakin. In yaron ne, layi har gindin itacen bedi. Marta takan ce, "Ku yi sauri ku zube mashi kayanku kafin ya iya Hausa." Ni ce ta farko a layin nan. Sai in durƙusa in yi magana da sauri, da Hausar ƙauye, ina haɗiye rabi. A tsakiya in jefa, "Na taɓa yi ma wata tsohuwa magana marar daɗi," in wuce. Shi kuma bawan Allah ya ce, "Madalla, madalla," ya ba ni A Gaishe Ki Maryamu uku. In fito in ce ma kaina ai na faɗa. In karɓi Jikin Almasihu da sauran mutane, in koma gida nauyin yana nan inda yake.

Ba laifinsa ba ne. Ni ce na je da wayo, kuma wanda na je yi ma wayon ba Mompe ba ne. Firist kunne ne aka ajiye mana, mai gafarar yana jin kowace Hausa. Don haka ki kira abu da sunansa. In ƙarya ce ki ce ƙarya, ki faɗi wa kika yi ma da abin da ta jawo. In babban zunubi ne ki faɗi sau nawa, gwargwadon abin da kika tuna. Ba sai kin yi dogon labari ba, amma kada ki rage mashi girma da baki. Wanda ya ɓoye babban zunubi da gangan, ya fita kamar yadda ya shiga, har da ƙari. Kuma kada ki kai zunubin wani. Akwai ranar da na cinye lokacina duka ina ba da labarin surukata, yadda ta kalle ni, yadda take da tsanani. Allah ya jiƙanta, ba ta ce mani kada in tafi ba. Kallona kawai ta yi.

Akwai kuma tsoro, ba zan ɓoye maki ba. Lokacin nan mutum zai yi magana a kasuwa da safe, da la'asar jandarma su zo su tafi da shi, ba wanda ya san wa ya kai. Yanzu ma da soji suka dawo kin ga yadda manya ke waiwaye kafin su buɗe baki. Sai ya zama ban yarda akwai maganar da ke tsayawa inda aka faɗe ta ba. Na taɓa tambayar babanki, "In Mompe ya gaya ma wani fa?" Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Maryama, ko bindiga aka ɗora mashi a ka, ba shi da izinin faɗa. Ko ke kanki ba zai tuna maki a waje ba." Gaskiya ya faɗa. Duk shekarun nan ban taɓa jin maganar kowa ta fito daga ɗakin nan ba, kuma da ta fito, Marta ce za ta fara ji. Ki cire wannan tsoro.

Babanki bai taɓa barin zuwan firist ya wuce shi ba. Nakan tsokane shi in ce, "Kai kuwa wane zunubi kake yi tsakanin gida da wajen aiki?" Ya ce, "Wanda kike sa ni." Bara da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kin tuna mun aika Maradi ta hannun direba. Aka ce Mompe yana can ƙauyukan Mayahi. Sai kwana biyu bayan an rufe shi ya iso. Na yi kuka a kan haka, amma shi babanki bai damu ba, don wata biyu kafin nan ya yi konfesiyonsa. Ranar da kika tafi karɓo magani gidan likita, ya kira ni kusa ya ce, "Ni na ɗaure kayana. Ke nake ji ma." Na ce ya yi shiru ya huta. Ya ce, "Ki je wajen Inna." Shekara goma sha uku yana ganina bai matsa mani ba, sai ranar. Da ni ce a kan tabarmar nan, Hannatu, da na tafi da kayana a warwatse. Kada ki ce sai azumi, kada ki ce sai na gama jarrabawa. Ke da firist yake kusa da ke, ki riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata.

Kawunki Sani ya zo gaisuwar babanki. Da mutane suka ragu ya ce, "Yaya, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, Inna ce ta hana ni." Ya ce dawar da na aika, Inna a tukunya ta ɓoye ta, kunu take dama ma yaron shi kaɗai, har matar Sani ta yi faɗa da ita a kan haka. Inna kanta anza take ci. Sau biyu ta goya shi ta taka da ƙafa har gidan likita na Korgom. Amma maƙogwaronsa ya rufe, ba ya iya haɗiya. Ranar da ya cika, fiye da rabin dawar tana nan. Inna ta ƙi sa ta a baki, ta raba ma yaran unguwa.

Abin da ya fi yi mani zafi shi ne ban yi mamaki ba. Tun ranar da na faɗi maganar nan na san ƙarya ce. Na san uwata. Laifin ne ya yi mani nauyi, na waiga na ɗora ma wadda na san ba za ta rama ba.

Da zai tafi na ce, "Ba ta ba ka saƙo ba?" Ya ce, "Ta ce a yi maki gaisuwa. Ta kuma ce in tambayi ta Tasawa ko ƙafarta ta hagu tana ciwo har yanzu in damina ta faɗi." Kin gani, ni ma 'yar fari ce. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, amma ta san wace ƙafa ce.

Da azumin kwana arba'in ya shigo, aka ce tsohon Mompe ne zai zo. Kwana uku ina shiri. Ina daka ina maimaita maganar, ina ɗiban ruwa ina maimaitawa, don kada bakina ya kauce. Na bar kowa ya gama na shiga. Na durƙusa, na yi alamar gicciye, na ce, "Mompe, shekara goma sha uku ina zuwa nan ina ɓoye abu." Bai yi motsi ba, ya ce, "To, yau kin zo. Bismilla." Na faɗa mashi duka: saƙon, dariyar, maganar da na yi ma Inna, wayon da na riƙa yi ma ɗan'uwansa, ƙaryar da nake yi maki. Ina ta cewa "yaron", "yaron". Da na gama ya ce, "Yaron nan, ba shi da suna?"

Na ce, "Ɗan fari ne, Mompe."

Ya ce, "Na sani. Babu surukarki a nan, babu matan unguwa. Wa sunansa?"

Na buɗe baki, ya ƙi fita. Ya jira, bai gaggauta ni ba. Can na ce, "Yusufu." Ga shi na rubuta maki. Sunan wanki Yusufu. Yana da wushirya, yana tsoron jaki.

Na yi kuka irin wanda ban yi ranar mutuwarsa ba. Da na lafa, Mompe ya ce kunya ba zunubi ba ce, kuma ba ni na aiko ƙyanda ba, wataƙila ko na je Yusufu zai tafi, yara da yawa sun tafi a hannun uwayensu shekarar nan. Ya ce kada in ɗauki abin da ba nawa ba. Nawa guda biyu ne: na zaɓi yabon mata a kan kiran ɗana, kuma na yi ma uwata ƙazafi gaban jama'a. Ya tambaye ni ko na yi nadama, ko na yi niyyar gyarawa. Na ce e. Na karanta addu'ar tuba ina sarƙewa, ya ɗaga hannu ya kwance ni da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na fito na zauna gindin bedi. Marta ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Wannan karo kam kin daɗe. Ya iya Hausa ko?" Muka yi dariya da hawaye.

Ki lura da wannan: nadama ba kuka ba ce kawai. Kukan na iya zuwa, yana iya ƙin zuwa. Abin da ake nema shi ne ki ƙi abin da kika yi saboda Allah, ki kuma ƙudura ba za ki koma ba. In firist ya yi maki magana, ki saurara, kada ki tsaya kare kanki. In ba ki gane ba ki tambaya.

Saura na ƙarshe, kuma a nan ba ni da bakin yi maki wa'azi. Bayan gafara akan ba mutum aikin tuba. Ni abu biyu ya ba ni. Na ɗaya, kowace safiya har idin Paska in karanta Ubanmu, in ambaci Yusufu da sunansa, da murya. Wannan na yi, har yau ma ban daina ba. Wataƙila kin taɓa ji kika ɗauka Yusufu mai tsarki nake kira. Na biyu, ya ce in je wajen Inna, kuma tunda gaban mutane na faɗi maganar, gaban mutane zan janye ta. Na ce, "In na kasa, gafarar ta warware?" Ya ce, "Allah ba ya ba da kyauta ya karɓe. Amma maganarki tana kan tsohuwar nan har yanzu, kuma ba wanda zai iya sauke mata sai ke."

Sau biyu na je tasha na dawo. Na uku na hau moto har Korgom ranar kasuwa. Na tsaya a bakin hanyar da ta nufi ƙauyenmu, ina ganin itatuwan gawon da na sani tun ina yarinya. Na sayi gishiri na juyo. Da Mompe ya sake zuwa na faɗa mashi wannan ma, ban ɓoye ba. Ya ce, "Hanya tana nan. Tsohuwar ce ban sani ba." Don haka ke, in an ba ki aikin tuba, ki yi shi ranar, kafin ki cire zanen majami'a. Abin da aka bari ya kwana yana ƙara nauyi ne.

Kuma in kin fara aiki, za ki ga 'yan mata da ɗansu na fari, suna kawar da kai kamar ba nasu ba, kaka ce ke magana. Kada ki yi masu faɗa. Ki ja uwar gefe inda ba kowa, ki gaya mata abin da ke damun ɗanta, ki bar ta ta riƙe shi.

Lambar Uwa Maryamu tana cikin ƙullin da ke kusurwar akwatinki, na sake mata zare. Taki ce yanzu. Ki gaishe da matar kawun babanki da za ki sauka wajenta, ki taya ta aiki kada ki jira a ce maki. Marta tana gaishe ki, ta ce kada ki dawo mata da Faransanci. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki daga ciwo da mugun abota, ya ba mu ruwa bana, ya jiƙan babanki da Yusufu. Uwa Maryamu ta rufe ki da mayafinta. Ki sa ni a addu'a, ni ce uwarki Maryama.

Sani ya ce idon Inna ya tafi, da murya take gane mutane yanzu. Har yau ban je na roƙe ta gafara ba.